Za a iya sa wa Bitil ɗin Babana fawa sitiyari na lantarki?

Ɗan_Malam_Zazzau:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, dan Allah masu sanin mota ku taimaka min da shawara. Mahaifina yana da Volkswagen Bitil da ya saya sabuwa fil a 1978 lokacin yana koyarwa, da bashin mota ya saye ta, irin waɗanda ake haɗawa a Legas ɗin nan ce. Motar nan ta girme ni, a cikinta aka ɗauko ni daga asibiti, kuma wlh har yau bugu ɗaya take tashi don Baba mutum ne mai kula da kaya, an sha zuwa tayawa yana cewa ba ta sayarwa bace.

Matsalar itace bara waccan ya zame ya faɗi kafaɗarsa ta dama ta bugu, an yi magani ta warke amma ƙarfin bai dawo kamar da ba, ga shekaru kuma, yanzu yana 74. In motar tana tafiya a titi ba shi da damuwa, wahalar tana wajen fita daga gida ne saboda lungunmu matsattse ne sai ya yi gaba ya yi baya kamar sau uku yana murɗa sitiyari motar na tsaye, haka ma ranar Juma'a wajen fakin. Satin da ya wuce ina zaune gefensa na ga yana cije leɓe yana murɗawa da hannun hagu kaɗai, abin ya tsaya min a rai sosai. Ƙanena ya ce ya karɓi Corolla ɗinsa otomatik ya ƙi, ya ce shi ba zai tuƙa motar da bai san muryarta ba. Kuma ni bana so a raba shi da tuƙin nan, shine kaɗai fitar da yake yi da kansa ba sai ya jira wani ba.

To na ga a YouTube turawa suna ciro sandar sitiyari mai moto (ɗan injin lantarki) daga ƙananan motocin zamani su haɗa a tsofaffin motoci, ba famfo ba mai ba bel, waya ce kawai. Shine nace ko akwai wanda ya taɓa yi ko ya ga an yi anan gida? Na wace mota ya kamata in nema a Panteka ko Ƙofar Ruwa, batir ɗinta da cajinta za su ɗauka kuwa, sannan abin da yafi damuna in abin ya mutu ana cikin tafiya sitiyarin kullewa zai yi ko yaya? Bana son in je neman sauƙi in jawo masa haɗari. Nagode.

Tsohon_Bakanike:

Wa alaikumus salam yaro, Allah ya yi maka albarka da wannan kula da mahaifi, Allah ya ƙara masa lafiya. Ni na fara koyon aiki ne a kan irin motar nan, don haka bari in fara da abin da baka tambaya ba. Bitil mai lafiya sitiyarinta ba shi da nauyi. Inji da giya duk a baya suke, motar gaba ɗaya kilo 800 da 'yan kai ce kuma abin da ke kan tayoyin gaba bai kai rabi ba, tankin mai ne kawai da safaya taya. Mata da yawa da ita suka koyi tuƙi a zamaninmu. In har ta kai mutum yana cije leɓe to ina zargin akwai abin da ya ƙage a gaban, kuma in ka ɗora moto a kan abin da ya ƙage ɓoye ciwon kawai ka yi, moton zai riƙa murɗawa da ƙarfin tsiya har wani abu ya karye.

Kafin ka kashe ko sisi ka sa jak ka ɗaga gaban duka tayoyi biyu su bar ƙasa, sai ka juya sitiyarin da yatsa biyu daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Ya kamata ya tafi sumul ba inda yake cijewa. In ya cije to aiki ya same ka. Ka duba ƙarfen gaban nan mai bututu biyu, akwai wuraren ɗura giris guda huɗu a jikinsa, yaran yanzu basu ma san da su ba sai a shekara goma ba a ɗura ba. In tata mai kimfin ce, wato fin ɗin ƙarfen da tayar gaba ke juyawa a kansa in an murɗa sitiyari, ba mai bol joyin ba, to akwai ƙarin wuraren giris a wajen kimfin ɗin kuma su ne suka fi ƙagewa, ƙurar hunturu da ruwan damina su haɗu su zama kamar siminti a ciki. Sannan akwai 'yar shokozoba a kwance da ke riƙe sitiyari kada ya yi rawa, ka kwance kai ɗaya ka ja ka tura da hannu, in ta lanƙwashe ko tana tsayawa a tsakiya ka canza ta.

Sai bos ɗin sitiyarin, wato akwatin giyan da ke ƙarshen sandar a ƙasa. A samansa akwai sukuru da noti na gyara lilo, abin da masu gaggawa ke yi shine in an kawo musu mota sitiyari na lilo sai su ɗaure sukurun nan tam, lilon ya tafi amma sitiyari ya zama dutse kuma cikin bos ɗin yana cinyewa. Ƙa'ida a bar ɗan lilo a tsakiya, kada dai ya wuce inci ɗaya a bakin sitiyari. Ka tabbatar kuma ba a bushe yake ba.

Taya fa? Wace iri ce a gaba? Asalin tayarta siririya ce, 155 ko 165 a rim 15. Da yake yanzu tana wuyar samu sai mutane su sa 195 mai faɗi ta wata mota, kaga ka ƙara roban da ke murzar ƙasa. Iska kuma littafinta wajen 18 ya ce a gaba, 27 a baya. Kada ka bari mai faci ya bankamata 40 wai don sitiyari ya yi sauƙi, zai yi sauƙin amma gaban zai riƙa tsalle birki ya ƙi kamawa. Kuma in an taɓa canza mata kan sitiyarin zuwa ƙarami irin na 'yan gayu a mayar da babban nata, faɗinsa shine ƙarfinsa.

Ban ce kada ka sa na lantarkin ba, kafaɗar dattijo ba irin tamu bace ta da. Amma yi wannan tukuna ka dawo ka faɗa mana.

Maman_Ilham:

Allah sarki, wlh labarin nan ya tuna min da namu mahaifin Allah ya jiƙansa, shima da muka karɓe makullin motarsa don tausayi sai ya zama kullum yana zaure shiru. Dan Allah in da hali a gyara masa ya ci gaba da fitarsa. Kuma a tambaye shi kafin a taɓa motar, kada a yi masa bazata, tsofaffi basa son a canza musu kaya ba da saninsu ba.

Rewaya_Kaduna:

Baba Tsohon_Bakanike ya gama magana ta ɓangaren ƙarfe, a bi abin da ya ce. Ni bari in shigo ta ɓangarena na waya don na taɓa haɗa irinsa sau biyu, ɗaya a Datsun 120Y ɗaya a Fijo 504 fikof, ban yi a Bitil ba amma na yi mata wayarin sau ba adadi na san inda za a sha wuya.

Farko amsar tambayarka da tafi damunka, a'a baya kullewa. Sandar ƙarfe ce ɗaya tun daga hannunka har ƙasa, moton a gefe yake yana taimakawa ta wani giya. A tsakiyar sandar akwai wani siririn ƙarfe da ke ɗan murɗewa in ka juya, sensa ta ji yawan murɗewar ta gaya wa birenbos, wato 'yar kwamfutar sitiyarin, shi kuma ya ba moto wuta daidai ƙarfin da ka sa. In wuta ta ɗauke ko fiyus ya ƙone sitiyari zai koma irin na da ne kawai, da ɗan ƙarin nauyi kaɗan saboda kana jan giyan moton. Amma ga mai ciwon kafaɗa in ya ɗauke a tsakiyar kwana ba ƙaramin abu bane, shi yasa wutar dole ta zama tsayayya.

To anan matsalar Bitil take. Buɗe bayan ka duba abin da fambel ke juyawa, wato mai cajin batir, dainamo ne ko altaneta? In dogo ne siriri kai ɗaya da gindi to dainamo ne, amfiya 30 kawai yake bayarwa kuma sai inji ya ɗau wuta, a silo kusan ba ya caji. Shi kuwa moton sitiyari in kana tafiya miƙe kusan baya shan komai, amma in mota na tsaye kana murɗawa zai iya jan amfiya 30, 40 har sama na ɗan lokaci. Kaga lokacin da yafi buƙatar wuta shine lokacin da dainamo yake barci, in da dare ne ga fitila a kunne sai kaga sitiyari na ɗaukewa yana dawowa. Don haka ka sa a lissafinka za ka koma altaneta mai amfiya 50 ko 55 irin na Bitil ɗin baya-baya. Ba cirewa da sakawa bane kawai, ƙafar da yake zama a kai daban ce, famfon fetur ma akwai mai ɗan karkata da ake sawa don kada ya taɓa jikin altanetan. Kuma ka tuna a motar nan fankar da ke sanyaya inji a bayan sandar dainamon take, fambel ɗin nan ɗaya shine ran injin, ka ƙara masa kaya dole ka sa sabo ka ɗaure daidai.

Na biyu batir a ƙarƙashin kujerar baya yake, sitiyari kuma yana gaba, tafiyar wayar da nisa. Kada wani ya ce zai ɗauko wuta daga akwatin fiyus ɗin gaba, wayoyin nan sun haura shekara 40 ba za su ɗauka ba. Waya mai kauri za a ja sabuwa tun daga kan batir, ni 10mm nake sawa kuma ta jan ƙarfe ta gaske ba mai fentin nan ba, fiyus 50 ko 60 a kusa da batir sosai ba a can gaba ba, duk inda za ta ratsa ƙarfe a sa mata roba. Atin ma, wato wayar negetif, mai kauri, a kankare fenti a ɗaure a jikin ƙarfe mai kyau. Sai 'yar siririyar waya ɗaya daga makulli wacce ke gaya wa birenbos an kunna mota. Tunda ka ɗaga kujerar ka duba ko kan batir na da murfi, sifirin ɗin kujerar in ya taɓa kan batir gobara ce, Bitil da yawa haka suka ƙone.

Na uku wanda nafi jin tsoro, yankan sandar. Dole a yanke ta tsohuwar a haɗa da sabuwar sama da ƙasa. An taɓa kawo min wata mota da wani ya haɗa, kawai ya gwama ƙarfe biyu baki da baki ya ɗiga walda ya shafe da fenti, mai motar na fita daga gareji yana ribas sitiyari ya zo masa a hannu yana juyawa fayau. Allah ya taƙaita a tsaye yake ba a hanyar Abuja ba. In za ka sayi sandar ka ce a haɗo maka da kuros joyin ɗinta da guntun sandar ƙasa da soket-soket ɗin da 'yar wayarsu, da birenbos na wannan motar dai ba na wata ba. Haɗin a kai wa masu injin gurzar ƙarfe su yi hannun riga da ƙarfe zai shiga ciki ya zauna daidai, a huda a sa fin sannan a yi walda, yadda ko waldar ta saki fin na riƙe. Kuma ba a walda sandar na jikin moton, zafi na kashe sensar, a cire a yi a gefe. Tankin mai yana nan saman wajen, noti huɗu ne, a fitar da shi waje gaba ɗaya kafin a kunna wuta.

Ƙaramin abu da ake mantawa, a yawancin Bitil wayar hon ta cikin ramin sandar sitiyari take bi ta sauka ta tsallake roban kwaflin da ke haɗa sandar da bos ɗin sitiyari. Ka yanke sanda ka yanke hon, sai an sake masa hanya.

Injiniya_Abba:

Salam. Ina zaune a Jamus kuma anan da Holand da Ingila abin nan ya zama ruwan dare a wajen masu tsofaffin motoci, yawanci ma dalilinsu irin naka ne, mai mota ya tsufa ko matarsa ke son tuƙawa. Akwai kamfanonin da sana'arsu kenan, kamar EZ Electric Power Steering a Holand, suna yin wanda aka auna wa kowace mota ka kwance naka ka ɗaura nasu ba yanka. Aiki ne mai kyau amma in ka juya kuɗin zuwa naira ka haɗa da jirgi da kwastan gsky zai yi nauyi, don haka na gwanjo za ka bi kamar yadda Oga Rewaya ya ce. Fasahar ma ba sabuwa bace, tun 1988 Suzuki suka fara sa ta a wata 'yar ƙaramar mota Cervo, an daɗe da sanin halinta.

Game da na wace mota. Wanda turawa suka fi amfani da shi shine na Opel Corsa, B na ƙarshe-ƙarshe da kuma C na 2000 zuwa 2006. Shi wannan baya aiki sai ya ji sigina biyu, cewa inji na juyawa da kuma gudun mota, Bitil kuma ba ta da kwamfutar da za ta ba shi su, don haka ake sayen wani ɗan akwati da ke ƙirƙiro siginar, yana da maɓalli da kake murɗawa ka ƙara taimakon ko ka rage. Ɗaya hanyar ita ce ta Toyota, Prius na 2004 zuwa 2009, Yaris na 2006 zuwa 2011, Corolla na 2009 zuwa 2013. Su waya uku kawai suke so, wuta, atin, makulli. In birenbos ya jira 'yan daƙiƙu bai ji sauran kwamfutocin motar ba sai ya shiga yanayin ko-ta-kwana ya riƙa bada taimako matsakaici wanda baya canzawa. A Najeriya na Toyota zai fi sauƙin samu da sauƙin canji in ya lalace. Ni da zan zaɓa na Yaris zan nema don ƙarƙashin dashbod ɗin Bitil ba fili, ga gwiwar direba ga tanki a gaba. Ka je da tef ka auna kafin ka biya. Kuma ka lura ko daga mota mai tuƙin dama aka ciro, irin na Ingila ko Japan, don moton na iya fitowa ta ɓangaren da ba ka so, mu tun 1972 sitiyarinmu a hagu yake.

Inda zan ɗan ja hankali shine gudu. A motar zamani taimakon raguwa yake in gudu ya ƙaru. A naka haɗin ba zai ragu ba. Bitil kuma dama gabanta ba nauyi, duk wanda ya tuƙa ta a babban titi ya san yadda take yi in tirela ta wuce ko iska ta bugo daga gefe. Ka ƙara mata sitiyari mai laushi a gudun 90 hannu kaɗan zai motsa ta canza layi. Shi yasa a wannan motar na fi son mai maɓallin ragewa, ko in na Toyota ne a sa makunni a kan siririyar wayar makullin yadda Baba zai kunna a lungu da wajen fakin, in zai hau hanyar Kano ya kashe tun kafin ya tashi. Kada ya riƙa kashewa ko kunnawa a cikin kwana.

Abu na biyu, bayan an haɗa za ka iya ganin sitiyari baya dawowa tsakiya da kansa bayan kwana kamar da, saboda giyan moton na ɗan riƙewa. Maganinsa akwai wasu 'yan faranti da ake sawa a bayan bututun ƙasa na ƙarfen gaba su ɗan kwantar da shi baya, masu Bitil sun san su, suna sa ta riƙe hanya kuma sitiyari ya riƙa dawowa. Suna ƙara nauyi kaɗan amma tunda ga moto ba damuwa.

Na ƙarshe biraket. Duk ƙarfin da moton ya murɗa sanda da shi, da irinsa yake murɗa mazauninsa ta ɗaya gefen. A Bitil bos ɗin sitiyari a jikin ƙarfen gaba yake amma sandar a jikin bodi take rataye, bodin wajen kuma falle ne siriri. In aka ɗaure da noti biyun asali kawai, watanni kaɗan zai tsage wajen. A yi biraket mai kauri da zai kama wuri uku ko huɗu a baza nauyin. Roban kwaflin ɗin ƙasa ma a sa sabo mai kyau don yanzu duk ƙarfin ta kansa zai bi.

Mai_Tsohuwar_Ajiya:

Ni dai gsky raina bai so ba. Motar da ta shekara sama da 40 a hannun mutum ɗaya ba a taɓa yanka mata komai ba, irinta nawa suka rage a ƙasar nan? Wacce aka haɗa a Ojo ta Legas fa, tarihi ce. Yau ka yanke sanda gobe ka huda bodi, darajarta ta tafi. Amma na ji uzurin kuma lafiyar Baba ta fi ƙarfe. Roƙona ɗaya, kada a yanka sandarta ta asali. Ka nemo wata sandar Bitil ta gwanjo a wajen masu fasa tsofaffin motoci a yanka waccan, tata a shafe ta da mai a naɗe a ajiye tare da dainamon da ƙafarsa da famfon, duk ranar da aka so a mayar da ita yadda take a yini ɗaya an gama. Biraket ɗin ma a yi mai ɗaurin noti, kada a walda shi a jikin motar.

Ɗan_Malam_Zazzau:

Jama'a nagode ƙwarai Allah ya saka da alheri, ban zaci zan samu bayani haka ba. Baba Tsohon_Bakanike na bi maganarku jiya Asabar, muka ɗaga gaban ni da wani dattijon makaniki a Sabon Gari da ya san motar. Wlh kamar kuna wajen, da yatsa biyu ko motsi bai yi ba sai da na sa hannu, kuma yana zuwa wani wuri a dama sai ya cije. Mai kimfin ce, na ɓangaren direba ya sha giris amma na ɗaya gefen sam ya ƙi karɓa sai da aka kwance aka wanke da kananzir, abin da ya fito kamar busasshiyar laka. Sukurun bos ɗin ma an ɗaure shi da yawa an sassauta. Tayoyin gaba 185 ne, na bada saƙon 165 daga Kano.

Ko a haka da aka sauke ta bambancin a fili yake, Baba ya zagaya da ita ya dawo yana murmushi yace haka take lokacin tana sabuwa. Amma da ya zo shiga lungu inda dole ya murɗa a tsaye na ga har yanzu yana sakin hannun daman. Hajiya Maman_Ilham na bi shawararki na zauna na yi masa bayanin komai, da farko yace a'a, da na ce ba za a yanka tata sandar ba kuma akwai makunnin da zai kashe in baya so sai yace to a bari tayoyin su zo ya gwada sati biyu, in kafaɗar bata yarda ba a sa. Na duba baya kuma dainamo ne. Oga Rewaya tambayata, in fara canza altanetan tun yanzu ko in jira? Sannan in naje Panteka ta yaya zan gane sandar mai lafiya ce kafin in biya, tunda ba a jikin mota take ba?

Rewaya_Kaduna:

Masha Allah, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Altaneta ka canza tun yanzu ko ba a sa sitiyarin ba riba ce, fitilarsa ma za ta fi haske da dare, ka ajiye tsohon kamar yadda Alhaji Mai_Tsohuwar_Ajiya ya ce.

Gwajin sanda in ta Toyota ce ba wuya. Ka je da batir mai caji da 'yan wayoyi da fiyus, a jona moto da sensa a birenbos, jan waya a fositif baƙa a negetif, sannan ka taɓa siririyar ta makulli a fositif, za ka ji rilei ya yi ƙas a cikin akwatin. Ka jira kamar daƙiƙa goma. A danne jikin moton a ƙasa da kyau ko a kama shi a bais, wani ya riƙe ƙasan sandar da filaya mai kullewa kai kuma ka murɗa sama da hannu, in lafiya take za ka ji ta ƙwace daga hannun mai riƙon da ƙarfi, ku yi hankali da yatsu. Ka gwada hagu ka gwada dama ƙarfin ya zo ɗaya. In tana juyawa da kanta ba wanda ya taɓa, ko gefe ɗaya yafi ƙarfi, sensar ta tafi ka bar musu kayansu ko nawa suka rage. Ka duba sandar ba lanƙwasa ba alamar duka da guduma a kan haƙoran, don da yawa daga motocin haɗari ake ciro su. Kuma ku yi da mai kayan a gaban shaida cewa in an je bata shiga ƙarƙashin dashbod ba za ka dawo da ita a canza maka. In ka tashi zuwa ka ɗauko hoton ƙarƙashin dashbod ɗin da awon tsawon daga kan sitiyari zuwa inda sandar ta ratsa bodi ka sa anan mu gani tukuna.